Na iya Excel da Power BI, amma ban san kowa ba: ina zan samu mai ɗora ni a hanya a Gombe?

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Gombe ce, ƙididdiga na karanta a jami'a, kuma na gama bautar ƙasa bara. Na yi kwasa-kwasan nazarin bayanai ta intanet, na iya Excel sosai, na ɗan iya SQL da Power BI, satifiket uku gare ni. Amma har yau ko intabiyu ba a taɓa kirana ba. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce in nemi jagora, in shiga cikin mutane. Na tura wa manyan wannan fanni saƙo a LinkedIn babu adadi, ba wanda ya amsa. Shin shirye-shiryen nan da ake cewa suna haɗa sabon shiga da gwani suna da amfani kuwa? Wanne zan shiga? Ko dole sai na bar Gombe?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Irin wannan kukan ina jinsa daga bakin matasa da yawa a Bauchi da Gombe, maza da mata, don haka ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Idan na fahimce ki, abu uku kika haɗa wuri guda: me ya sa manyan da kike rubuta wa ba sa amsawa, ko shirye-shiryen da ake tallatawa suna kai mutum ga aiki, da kuma ko zaman Gombe ne ya tare miki gaba. Ni aikina na shekaru shi ne sa ido da tantance ayyukan lafiya, abin da a ofis ake kira M&E, a tsakanin jihohin nan biyu. Na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata, kuma matasa da dama sun koyi aiki a hannuna. Da wannan idon zan ba ki amsa.

Abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne, gwani yana amsa wa wanda ya zo masa da aiki a hannu. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya ginu.

Wa ke ɗaukar mai nazarin bayanai a nan?

Yawancin kwasa-kwasan intanet an tsara su ne don kamfanonin Amurka da Turai, ko bankunan Legas: lissafin ciniki, kwastomomin da suka daina saye, tallar da ta fi jawo kuɗi. Idan da sunan da kwas ya koya miki kike neman aiki a Gombe, za ki daɗe ba ki ga gurbi ba. Aikin yana nan, da wasu sunaye yake fitowa: jami'in M&E, jami'in bayanan lafiya, mai shigar da bayanai, mai kula da masu tattara bayanai a ƙauyuka, jami'in tsare-tsare da ƙididdiga a ma'aikata. Masu ɗauka kuwa su ne hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, hukumar tara haraji, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi, malaman jami'a da suka samu tallafin bincike, ayyukan Bankin Duniya da ke ƙarƙashin gwamnatin jiha, sai ƙungiyoyin agaji. UNICEF ma tana da ofishi a Bauchi wanda ke kula da Gombe da wasu jihohi maƙwabta.

Kayan aikinsu ma sun ɗan bambanta da naki. A fannin lafiya, rahoton wata-wata na asibitocin Najeriya yana hawa ne kan DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira. Tattara bayanai a fili kuma da manhajar KoboToolbox (Kobo a taƙaice) ko ODK ake yi a waya. Excel shi ne abincin kullum, Power BI ado ne da ake ɗorawa a ƙarshe don taron manya. Yarinyar da ta iya tsara fom a Kobo yadda ba zai yarda a rubuta cewa jariri yana da wata 250 ba, kuma ba zai tambayi namiji ko yana da juna biyu ba, ta fi mai satifiket biyar daraja a idona. Dukansu biyu za ki iya koyonsu kyauta daga ɗakinki: Kobo yana ba da asusu kyauta, DHIS2 kuma yana da darussan farko a intanet da shafin gwaji mai ɗauke da bayanan misali na ƙasar Saliyo, inda za ki yi ta taɓawa ba tare da kin ɓata komai ba.

Akwai gaskiyar da ya kamata ki sani don kada ki ɗora wa kanki laifin duka. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin. Bauchi na cikin jihohin da hukumar ta daɗe tana mayar da hankali a kansu, musamman a lafiyar mata da yara. Ayyuka sun tsaya, mutanen da suka shekara goma suna wannan sana'a suka dawo kasuwa suna neman gurbin da ke ma kike nema. A irin wannan yanayi, mai ɗauka yana da takardu ɗaruruwa a gabansa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ya miƙa bayanan jama'a ga wanda bai san amanarsa ba. Da'irarmu ƙarama ce. Kafin a kira mutum intabiyu, sau da yawa an riga an ɗaga waya an tambayi wani, "Ka san wance? Ya aikinta yake?" Wannan tambayar ce ake so a samu mai amsa ta a madadinki. Wasu za su ce ai hanya ce kawai, wa ka sani wa ya san ka. Akwai wannan, ba zan musa ba, kuma ba na goyon bayansa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda aka cusa don ɗan wane ne da wanda aka ambaci sunansa don an ga aikinsa. Na biyun a buɗe yake gare ki ko 'yar waye ke.

Abin da jagora yake yi miki wanda kwas ba ya yi

Bari in nuna miki da abin da na sha gani. Matashi zai kawo mini dashbod, wato allon kwamfuta mai nuna alƙaluma cikin zane, na rigakafin yara, launuka sun zauna, taswirar jiha ta fito da ƙananan hukumomi 11 na Gombe tsaf, daga Nafada har Shongom. A ce wata gunduma ta nuna an yi wa kashi 130 cikin 100 na yara allura, shi kuma ya shafa mata kore, alamar ta fi kowa ƙoƙari. Tambayata ta farko ita ce: 130 cikin 100 na su wa? Adadin yaran da ake raba lissafin da shi hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan. Tun daga lokacin garuruwa sun cika sun batse, rikicin Arewa maso Gabas ya turo jama'a da yawa Gombe da Bauchi, sannan uwa tana iya tsallake asibitin unguwarsu ta tafi na gundumar maƙwabta don ma'aikaciyar can ta fi sakin fuska. Saboda haka koren nan nasa na iya zama alamar lissafi ya karkace.

Sai in ce ya jera mini allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai sau uku, ta farko da ta uku. Yaran da suka karɓi ta farko ba su dawo ta uku ba, idan suka haura kashi 10 cikin 100, a ƙa'idar aikin rigakafi alama ce ta matsala. Idan kuma ta uku ta riƙa fin ta farko yawa wata bayan wata, to a je a buɗe rajistar asibitin, wataƙila wajen kwafewa daga takarda zuwa kwamfuta aka yi tuntuɓe. Idan ya ce mini haihuwa a asibiti ta ragu a watan Agusta, zan tambaye shi asibiti nawa ne suka turo rahoto a watan, domin da damina akwai ƙauyukan da ruwa ke yanke musu hanya, fom ɗin bai iso ba ne kawai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar wata sabuwar manhaja. Sanin ƙasa ne da sanin yadda lambar ta taso daga hannun ma'aikaciyar jinya har ta iso allon kwamfuta, kuma a bakin wanda ya daɗe a ciki ake jin sa.

Wata malama a Jami'ar Boston, Kathy Kram, ta yi nazarin wannan alaƙa a wuraren aiki, ta fitar da littafi a 1985. Ta raba amfanin jagora gida biyu: abin da ya shafi ci gaban aiki, kamar koyarwa, ba da aiki mai wuya da gabatar da mutum ga manya, da kuma abin da ya shafi zuciya, wato ƙarfafa gwiwa da zama abin koyi. A aikace ni na ga mutum uku kike buƙata, kuma da wuya mutum ɗaya ya zama dukansu. Akwai mai duba aikinki ya ce nan kin yi kuskure. Wannan ba sai babba ba, wanda ya girme ki da shekara biyu ko uku a aikin ya wadatar, sau da yawa ma ya fi, don yana da lokaci kuma bai manta wahalar farawa ba. Akwai mai ba ki shawarar alkibla, wanda za ki gani sau uku ko huɗu a shekara. Sai kuma mai ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki. Shi wannan na ukun ba a roƙonsa. Mutuncinsa yake jinginarwa idan ya ce a ɗauke ki, don haka sai ya ga aikinki da idonsa, ya ga kina cika alkawari.

Me ya sa ba a amsa saƙonki

Ban ga saƙonnin da kika tura ba, amma na san irin waɗanda ke shigo mini: gaisuwa, sai "ina so ka zama jagorana", wani lokaci da takardar CV a maƙale. Wanda aka tura wa yana da rahoton da ake jira, ga iyali, ga hidimar 'yan'uwa. Abin da aka nema a wurinsa ba shi da iyaka, bai san ranar farawa ba balle ta gamawa, kuma bai san mai neman ba. Ba wulaƙanci ne ke sa ya yi shiru ba, rasa abin cewa ne. Ki tuna makarantar allo: gardin da ya rubuta allonsa ya kawo darasu shi malam ke gyara wa wasali da ɗauri, wanda ya zo hannu rabbana kuwa sai dai a amsa gaisuwarsa.

To ki rubuta naki allon, kuma ki rubuta shi da bayanan gida. Ki bar bayanan jirgin Titanic da na wani kantin Amurka, duk wanda ya yi kwas yana da su, mai dubawa ya gaji da ganinsu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton farashin kayan abinci duk wata. Binciken MICS na 2021 da NBS ta yi tare da UNICEF yana da alƙaluman jiha-jiha kan ilimi, rigakafi, ruwan sha da sauransu, kuma ana ba da ɗanyen bayanansa ga wanda ya yi rajista ya nema. Gwamnatocin Gombe da Bauchi suna wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton aiwatar da shi. Shirin GRID3, mai tattara bayanan taswira, yana da taswirar garuruwa da wuraren asibitoci.

Wanda na fi so ki yi shi ne ki tattara naki. Ki tsara fom a Kobo, duk mako ki shiga kasuwar Tudun Hatsi, ko ki samu ɗan'uwa ya shiga miki, ki rubuta farashin masara, wake, gero da shinkafa a wurin 'yan kasuwa huɗu ko biyar, har wata uku. A mako na biyu za ki gane cewa mudun wannan ba shi ne mudun wancan ba, buhun da ake kira na kilo 100 ba kowa ke auna shi ba, farashin da aka faɗa wa mai tambaya daban da wanda aka sallama wa mai saye, sabon wake da tsoho kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. Yadda kika warware waɗannan, kika rubuta a shafi ɗaya abin da kika gano da abin da bayanan ba za su iya faɗa ba, shi ne ainihin sana'ar. Duk wanda ya karanta zai san kin taɓa ƙasa.

Daga nan sai saƙon ya zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, na saurari bayanin da ka yi a taron makon jiya kan ingancin bayanai. Na tattara farashin hatsi a Gombe na wata uku, ga shafi ɗaya na abin da na samu. Inda na maƙale shi ne yadda zan daidaita mudu da buhu. Idan ka samu minti goma ka duba, zan gode ƙwarai." Ya san ke wace ce, ya ga aiki, ya san abin da ake so, ya san zai ƙare. Ba kowa zai amsa ba ko a hakan, amma za ki ga bambanci. Kuma a garuruwanmu zumunta a ƙafa take: wanda ke Gombe, ki nemi izini ki je ofishinsa a lokacin aiki ki gaishe shi, takardarki a hannu. LinkedIn ki bar wa na nesa.

Inda yawancin matasa ke yanke igiyar da hannunsu shi ne bayan an ba su shawara. Sai su yi godiya su ɓace, ba a sake jinsu sai ranar da suke son takardar shaida. Ki koma bayan mako biyu ki ce, "Na gwada abin da ka ce, ga yadda ya fito." Idan kika yi haka sau uku, kin samu jagora ko da ba a taɓa furta kalmar ba.

Shirye-shiryen da ke akwai

Suna da amfani, amma ki san abin da kike nema a cikinsu. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ya fara da rukunin mutum 30,000, kuma nazarin bayanai na cikin fannoninsa. Yana haɗa karatun intanet da haɗuwa ido da ido a jihohi. A wurinki, da kin riga kin iya abubuwan farko, ribarsa ita ce mutanen jiharki da za ki sani a ciki.

Arewa Data Science Academy ita na fi nuna wa 'yan Arewa. Malamai ne 'yan yankin nan suka kafa ta, cikinsu har da Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, tana koyar da Python, harshen rubuta manhaja, da koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta gane abubuwa daga bayanai, kyauta ta intanet, rukuni-rukuni, da aikin gida da ake dubawa. Da yawa daga cikin masu tafiyar da ita suna cikin ƙungiyar HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta fahimtar Hausa, kuma suna da hannu a NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Yarbanci, Ibo da Pidgin da aka fitar a 2022. Irin wannan aiki yana buƙatar masu jin Hausa da kyau, ga shi ke kin tashi da ita. Ta nan ake shiga Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka da ta faro a 2019, inda ɗan sa-kai ke aiki kafaɗa da kafaɗa da masu digirin digirgir.

Data Science Nigeria, wadda Dokta Olubayo Adekanmbi ya kafa, tana da darussa kyauta da sansanin horo na shekara-shekara da ake shiga ta hanyar gasa. Zindi, da aka buɗe a 2018, dandalin gasa ne kan matsalolin Afirka, kuma ana shiga a ƙungiya, wanda shi ne amfaninsa ga mai neman abokan aiki. Deep Learning Indaba, babban taron da aka fara a Johannesburg a 2017, yana da tsarin jagoranci da nake yabawa: kina faɗin takamaiman abin da kike so, gyaran CV ne ko takardar neman gurbin karatu ko tsara bincike, a haɗa ki da gwani na ɗan lokaci kan wannan abu kaɗai. She Code Africa, wadda Ada Nduka Oyom ta kafa, ta mata ce zalla kuma tana da shirin haɗa sabbi da ƙwararru. A kusa da gida kuma ki sa ido kan tarukan ƙungiyoyin GDG na masu amfani da fasahar Google, musamman taron DevFest na ƙarshen shekara. Idan a Bauchi ake yi, tafiyar ba ta fi ƙarfin sammako ba, ki je ki dawo.

Sai dai yawancin waɗannan sun fi karkata ga shirye-shiryen kwamfuta da koyon na'ura, alhali aikin da ke kusa da ke na M&E ne da ƙididdigar hukuma. Don haka kada ki raina Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Najeriya, wadda malamanki na jami'a da ma'aikatan hukumomin ƙididdiga ke ciki. Taronta ba shi da ƙyalƙyali, amma masu sa hannu a takardar ɗaukar aiki a nan suke zama.

Kafin ki shiga kowane shiri, ki bincika ko akwai ɗan Adam da zai buɗe aikinki ya yi miki gyara, ko bidiyo ne kawai da satifiket a ƙarshe. Ki nemi mutum biyu da suka gama ki ji ina suke yanzu. Wanda ya ce ki biya kuɗi mai yawa ya ba ki tabbacin aikin dala cikin wata uku, ki riƙe kuɗinki. Kuma ɗaya ki shiga ki gama. Satifiket na huɗu ba zai yi abin da ukun farko suka kasa ba.

Mutanen da kika riga kika sani

A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda ya sani sama-sama fiye da aminansa, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi kan masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, ya tabbatar da hakan, ya ƙara da cewa alaƙa mai matsakaicin ƙarfi ta fi amfani: ba amini ba, ba kuma baƙo ɗungurungum ba. Ki duba, manyan da kike rubuta wa baƙi ne gare ki. Masu matsakaicin kuwa kin tsallake su: malamin da ya duba aikinki na ƙarshe a jami'a, wanda ya riga ki gamawa da shekara biyu yanzu yana wata ƙungiya, shugaban sashen da kika yi bautar ƙasa, yayar ƙawarki da ke aiki a asibitin koyarwa. Shin sun san abin da kika iya? A gidan biki ko suna, idan aka ce me kike yi yanzu, kada ki ce "ina gida". Ki ce kina nazarin farashin hatsi a kasuwar Gombe. Wannan amsa tana jawo tambaya ta biyu.

Akwai ƙofar da ba a cika lura da ita ba. Likitoci masu neman ƙwarewa a asibitocin koyarwa dole su rubuta kundin bincike kafin su kammala, haka ɗaliban digiri na biyu da na uku a Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi. Da yawansu suna neman mai taimaka musu da manhajojin ƙididdiga irin su SPSS, Stata ko R, ke kuma ƙididdiga kika karanta. Aiki ne da ake biya, yana kuma haɗa ki da mutanen da gobe su ne shugabannin sassa. A nan zan ja kunnenki da babbar murya: za a samu wanda zai ce ki ɗan taɓa lambobin don sakamakon ya faɗo ƙasa da 0.05, iyakar da ake ɗaukar sakamako a matsayin mai ma'ana a ƙididdiga, ko ki cike masa fom ɗin da bai je ya tattara ba. Ki ƙi, cikin ladabi. Bayanan lafiya da aka ƙirƙira suna iya zama dalilin shawarar da za ta cutar da marar lafiya, kuma wanda kika yi wa ƙaryar shi ne na farko da ba zai taɓa ba da sunanki a aikin amana ba.

Ki kuma haɗa naki zaman. Mutum huɗu ko biyar masu irin matakinki, ku riƙa haɗuwa ranar Asabar, kowa ya nuna abin da ya yi a mako, a yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Wata-wata ku gayyaci wani ma'aikaci ya ba ku awa ɗaya. Mutumin da zai yi nauyin amsa wa mutum ɗaya yakan ji daɗin a gayyace shi ya yi wa rukuni magana. Bayan 'yan shekaru waɗannan abokan su ne za su warwatsu a ofisoshi, su ne masu kiranki idan gurbi ya buɗe.

Iyakoki

Ke mace ce, kuma yawancin manyan fannin nan a yankinmu maza ne, don haka zan faɗa miki abin da zan faɗa wa ƙanwata ta jini. Haɗuwa a ofis, da rana, gida sun san inda kike, idan da hali ki tafi da abokiyar karatu. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya fara kiran dare, ko ya mayar da maganar aiki ta koma wani abu, ki janye ba tare da jin kin yi asara ba. Haka wanda ya mayar da ke mai yi masa aikin ofishinsa kyauta wata da watanni ba ranar biya ba ranar ambaton sunanki. Aikin sa-kai yana da kyau idan an yanka masa wa'adi, wata uku misali, an kuma faɗi abin da za ki koya da takardar da za a ba ki.

Idan kika samu shiga wani ofis, kada ki ɗauki bayanansu ki tura wa jagora na waje don ya duba miki, balle ki ɗora a intanet a matsayin misalin aikinki. Sunayen marasa lafiya, lambobin waya da sakamakon gwaji amana ce, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi hukunci a kai. Ki bayyana matsalar da baki, ko ki ƙirƙiri bayanan misali masu kama da su.

Game da barin Gombe, abin da na sani da kyau shi ne ɓangaren lafiya, hukumomi da ƙungiyoyi, kuma a nan ban ga dalilin tashi yanzu ba. A wajen ɗaukar masu aikin fili, jin Hausa, da Fulatanci ko Tangale ko Tera idan kina ji, da sanin hanyar Dukku da ta Balanga, jari ne da ɗan Legas ba shi da shi. Idan kuwa zuciyarki na kan banki, kamfanonin sadarwa ko na hada-hadar kuɗi ta waya, manyan ofisoshinsu suna Legas da Abuja, kuma wanda ke ciki zai fi ni ba ki shawara. Aiki daga gida ma yana yiwuwa, amma yana son wuta da intanet da ba sa yankewa, da Turancin rubutu mai tsabta, kuma da wuya a fara da shi. Jagora ba ya ƙirƙiro gurbin da babu, a wannan kasuwar kuma jira na iya tsawo ko kin yi komai daidai.

Ki ba kanki wata shida. Wata ukun farko na kasuwa da Kobo da DHIS2, tare da shiri guda ɗaya da kika zaɓa. Na biyun na kai aikin gaban mutane, kina farawa da malaminki na jami'a. Idan kin kammala na farashin hatsin, ki turo mini shafin nan ɗaya tare da fayil ɗin Excel ɗin yadda kika tattara shi, kafin gyara da bayan gyara. Ginshiƙin ma'auni zan fara buɗewa, in ga yadda kika yi da mudu da buhu. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a karatun.